Amsa ga mai tambaya a kan sayen gona a ƙauye

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka cewa wani dillali ya nuna maka gona mai kimanin hekta biyar a yankin Igabi, cewa farashin ya kwanta maka, kuma mai gonar yana riƙe da takardar dagaci, kana neman a faɗa maka abin da za ka kiyaye kafin ka biya. Na daɗe ina noma a wannan yanki da ɓangaren Giwa, an kuma sha kirana shaidar ciniki, saboda haka zan gaya maka inda na ga mutane suna yawan faɗawa.

Abin da ya fi cinye kuɗin masu sayen gona shi ne rashin tabbatar da cewa wanda ya sayar musu yana da ikon sayarwa. Yawancin gonakin ƙauye gonakin gado ne, kuma da yawa daga cikinsu ba a taɓa raba su ba, sai dai babban wa ya ci gaba da nomawa bayan rasuwar mahaifi har mutanen gari suka saba kiran gonar da sunansa. Idan irin wannan mutum ya sayar maka, rabonsa kaɗai ya sayar, ko da kuwa ya zagaya da kai gonar duka. Bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ka gyara ƙasa ka zuba taki, sai ƙanwarsa da ke aure a Zariya ko ƙanensa da ke neman kuɗi a Legas ya bayyana da ƙara, kuma alƙali ba zai hana magaji haƙƙinsa don kawai ka biya wani kuɗi ba. Akwai ma haƙƙin shufa'a a fiƙihun Malikiyya, wanda ya ba abokin tarayya a gonar da ba a raba ba damar mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da aka sayar maka. Don haka ka tambayi yadda gonar ta zo hannunsa. In ya ce gado ne, ka nemi ganin takardar rabon gado daga kotu ko daga malamin da ya raba, in kuwa ba a raba ba, to kowane magaji, mace da namiji, ya zo ya sa hannu a gaban shaidu. Idan akwai marayun da ba su balaga ba a cikinsu, ni dai shawarata kada ka taɓa gonar sai da izinin kotu, domin yaran za su girma, kuma za a ba su labari.

Kusa da wannan akwai gonar aro da ta jingina. Mutum yana iya shekara ashirin yana noma gonar da aka ba kakansa aro, ko wadda aka jinginar masa a kan bashi, alhali masu ita na asali suna nan a gari sun san tarihinta sarai. Wannan ba abu ne da za ka gani a takarda ba, bakin mutane ne kawai yake fitar da shi. Ka koma garin wata rana kai kaɗai ba tare da dillali ba, ka yi sallar Azahar a masallacinsu, ka gaisa da dattawa, ka nemi maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa ka tambaye su gonar wa ce kuma ko an taɓa yin rigima a kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dillali kuwa la'adarsa tana rataye ne da kammaluwar ciniki, kuma ko da mutumin kirki ne, ba shi ne zai tsaya a kotu ba idan magana ta taso.

Game da takardar dagaci da ka ambata, tana da amfani ƙwarai, domin tana nuna cewa an yi ciniki da sanin masu gari, kuma ban taɓa ba kowa shawarar ya tsallake mai unguwa da dagaci da hakimi ba. Amma ka san matsayinta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a yankunan karkara ƙaramar hukuma ce dokar ta ba ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Wato takardar dagaci shaida ce ta ciniki, ba ta kai takardar gwamnati ƙarfi ba. A jiharmu ta Kaduna hukumar KADGIS ce take riƙe da rajistar filaye, kuma can ya kamata ka fara zuwa kafin ka biya ko sisi. Ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna gonar ya fitar da lambobin kusurwoyinta, sannan ka kai a duba ko wurin yana cikin takardar mallakar wani, ko yana cikin filin da gwamnati ta riga ta karɓa. Na san wanda ya sayi gona da takardar dagaci sahihiya, ya noma ta shekaru cikin kwanciyar hankali, sai daga baya wani kamfani ya zo da takardar mallaka da ta haɗe yankin gaba ɗaya, wadda aka bayar tun kafin a sayar masa.

Yankin da kake magana a kai yana buƙatar wannan binciken fiye da wurare da yawa. Akwai filayen sojoji a Jaji da Afaka, akwai gandun daji na gwamnati, akwai layin dogo na Kaduna zuwa Kano da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kano da suka ratsa jihar, ga manyan turakun wutar lantarki da ba a yarda a yi gini a ƙarƙashinsu ba. Wasu suna sayen irin waɗannan wurare da gangan wai don su ci diyya, ba su san cewa a dokar 1978 ana biyan diyya ne a kan abin da aka raya, kamar gini da amfanin gona da itatuwa, ba a kan ƙasar kanta ba. Haka nan ka tabbatar gonar ba ta ci burtali ko mashayar dabbobi ba. Burtalin da aka nome shekaru da suka wuce yana iya ɓacewa daga idonka, amma makiyaya ba su manta da hanyarsu ba, kuma kai ne za ka gaji rigimar duk kaka.

Awon safiyo yana da wata fa'ida ta daban. A ƙauye ana faɗin girman gona ne da ido ko da yawan buhunan da take bayarwa, kuma mutane da yawa suna gauraya eka da hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Gonar da aka ce maka hekta biyar tana iya fitowa eka biyar, wato ƙasa da rabin abin da kake tsammani. Ranar awon a kira maƙwabta su tsaya a kan iyakokinsu, a kafa siminti a kowace kusurwa suna gani, domin iyakar da aka yi da gamba ko kunya tana matsawa a hankali duk lokacin huɗa. Ka kuma tambayi matsayin itatuwan da ke ciki, don a wasu garuruwa ɗorawa da kaɗanya da kuka suna da masu su daban da mai gonar, kuma gara a rubuta a takarda cewa sun shiga cikin ciniki ko ba su shiga ba.

Ita kanta ƙasar, kada ka yanke mata hukunci da rani. Da rani kowace hanya tana biyuwa, kowace gona kuma tana kama da 'yar'uwarta. Ka je a watan Agusta ka ga ko mota za ta iya kai taki ta fito da amfani, ko ruwa yana kwanciya, ko akwai kwazazzabon da ke cin gefenta, musamman idan tana kusa da Kogin Kaduna ko wani rafi mai ambaliya. Ka duba abin da ke tsaye a ciki: yawan ƙuduji a cikin dawa ko masara alama ce ta ƙasar da ta gaji, marmara a kusa da sama kuma tana hana saiwa shiga. Sannan ka sa batun tsaro a lissafi. Sassan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Igabi sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma wani lokaci arahar gona tana nufin mai ita ya daina iya zuwa ne. Ka tambayi mutanen garin ko sun nome gonakinsu na nesa a daminar da ta wuce, kuma ko leburori suna yarda su yini a can.

In komai ya yi daidai, to kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa don wai akwai wani mai saye da ke jira, wannan tsohuwar dabara ce ta hana mutum bincike. Lauya ya rubuta yarjejeniyar da sunan mai sayarwa na gaskiya, da girman gonar kamar yadda safiyo ya auna, da sunayen maƙwabta huɗu, a sa hannu a gaban dagaci da shaidu daga ɓangarorin biyu, ka kuma biya ta banki zuwa asusun mai gonar da kansa, kada ya bi ta hannun dillali. Daga nan ka fara neman takardar mallaka da sunanka ba tare da jinkiri ba, ka kuma noma gonar tun daminar farko. Idan aikin ofis ba zai bar ka ba, ka ba wani amintacce haya da rubutacciyar yarjejeniya da ake sabuntawa duk shekara, domin kotunan shari'a suna la'akari da daɗewar riƙo, kuma wanda ya shekara goma yana noma gona a gaban idon mai ita ba tare da an yi masa magana ba yana iya kafa hujja da hakan. Idan ka samu lambobin awon kuma KADGIS ta ba ka amsa, ka dawo ka faɗa mana abin da suka ce, sai mu duba matakin da ya rage.