Ku Tambayi Likita: Me ke kashe naman ƙafar da aka ɗaure da roba?

Tambaya: Kububuwa ta sari ƙanena a gonar gero, aka ɗaure masa ƙafa tamau da robar keke tun la'asar har gari ya waye. Ko da muka iso asibiti a Maraɗi ƙafar ta yi baƙi, aka ce naman ya mutu. Ta yaya nama zai mutu mai shi yana raye? Daga wani mai karatu a Tibiri.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Dafin kububuwa yana cin nama, amma ɗaurin nan ma ya yi tasa ɓarnar.

Nama tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace a cikin siririn marufi na kitse. A cikinta akwai ƙananan murahu, mitokondiriya, masu ƙona sukari da oksijin su samar da makamashin da ake kira ATP, kusan 30 daga ƙwayar sukari guda. Da an tare jini oksijin ya yanke, sai ƙwayar halittar ta koma samun ATP 2 kacal, ga wani tsami da ake kira laktik yana taruwa.

Wanda ke fara tsayawa shi ne famfon da ke jikin marufin, mai fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 (sinadarai ne dangin gishiri da ke cikin ruwan jiki) da kowane ATP. Sodiyam ya cika ciki, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa. Har nan da sauran gyara, in jini ya dawo za ta farfaɗo. Kalsiyam, wani sinadarin da ke cikin ruwan jiki, shi ke gama da ita. Na waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000, yana kwararowa ciki sai ya tashi sinadaran narkarwa da ke kwance: wasu su ci marufin, wasu su ci furotin, wasu su daddatsa DNA, wato kundin umarnin ƙwayar. Mitokondiriya ta huje, marufi ya fashe, kayan ciki ya tsiyaye. Ƙwaƙwalwa tana kaiwa nan cikin minti 3 zuwa 5, tsokar zuciya minti 20 zuwa 30, ta ƙafa kamar awa 4 zuwa 6. Ka lissafa daga la'asar zuwa safiya.

Kwancewar ma da nata haɗari. Fotasiyam da jan furotin na tsoka da suka taru za su afka cikin jini lokaci guda. Na farko kan tsayar da zuciya, na biyu ya toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar shayi. Shi ya sa in ɗauri ya daɗe, a asibiti ake kwance shi. Nan gaba kada a ɗaure, kada a tsaga. A sa wa ƙafar karan ɗori don kada ta motsa, a cire zobe ko abin da zai matse, a garzaya inda ake allurar kashe dafi.

Tambaya: Gaskiya ne wasu ƙwayoyin jiki da kansu suke kashe kansu? Daga wata ɗaliba a Tasawa.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Tun 1972 masana suka raɗa wa wannan mutuwa suna afoftosis. Idan DNA ta lalace fiye da gyara, furotin p53 kan ba da umarni, mitokondiriya ta saki wani furotin mai suna saitokurom c, shi kuma ya tashi sinadaran yanka da ake kira kasfes, masu aiki kamar almakashi. Ƙwayar ba ta kumbura, ƙanƙancewa take yi ta rarrabu ƙulli-ƙulli, maƙwabta su haɗiye ba tare da kumburi ko ciwo ba. Da haka yatsun jariri ke rabuwa tun yana ciki. A kusan rabin cututtukan daji, p53 ɗin ne ake samu ya lalace.