Ko faifan Echoes ya isa mutum ya san Pink Floyd?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara sauraron kiɗan rock na Turawa irin na da, sai wani abokina ya turo min tarin zaɓaɓɓun waƙoƙin Pink Floyd mai suna Echoes. Wani kuma ya ce ɓata lokaci ne, wai waƙoƙinsu ba a jin su a tsittsinke. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe abin da abokinka ya turo maka, abu ne mai kyau. Amma shi ma na biyun ba da ka ya yi magana ba.

Pink Floyd, waɗanda suka haɗu a Landan a 1965, ba su gina sunansu a kan waƙa ɗaiɗai ba. Faifai sukutum suke tsarawa, wannan waƙa ta zarce cikin waccan ba tare da an tsaya ba. A faifan The Dark Side of the Moon na 1973, da waƙar "Time" ta ƙare sai piyanon Richard Wright ya shigo a hankali ya buɗe waƙar "The Great Gig in the Sky", muryar Clare Torry ta biyo baya tana ta hawa da sauka ba kalma ko ɗaya. Wanda ya saba jin su manne da juna, ransa ba zai so ba in ya tarar a Echoes an raba su, kowacce a faifanta. Wannan ita ce hujjar masu suka.

To me ya sa duk da haka nake yabon Echoes? Saboda ba a yi masa aikin tsintuwa ba. Ya fito a watan Nuwamba na 2001, faifai biyu, waƙa 26, kuma James Guthrie, wanda ya daɗe yana yi musu aikin sauti, shi ya ɗinke waƙoƙin har suna shiga juna kamar tare aka haife su. Ba a bi shekaru wajen jera su ba. Za ka ji "See Emily Play" ta 1967, mai cike da wasa da ƙuruciya, kafin ka farga ka faɗa cikin fushin waƙoƙin faifan The Wall na 1979. Kunnenka da kansa zai gaya maka irin nisan tafiyar da mutanen nan suka yi cikin shekara 12.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka girmama Syd Barrett. Shi ne jagoransu na farko, shi ya rubuta yawancin faifansu na fari, sannan rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda da yawa ke dangantawa da ƙwayar LSD, ta raba shi da su a 1968, bayan makaɗin jita David Gilmour ya shigo ƙungiyar. Waƙoƙinsa biyar ne a Echoes, kuma da tasa aka buɗe, da tasa aka rufe. Can wajen ƙarshe an ajiye "Jugband Blues", wadda ita ce waƙarsa ta ƙarshe a faifan ƙungiyar, dab da bayan "Wish You Were Here". In ka san labarinsa, wallahi wurin nan sai ka yi shiru. Ga kuma "Arnold Layne", wadda ba ta cikin faifansu na fari, tun asali ita kaɗai aka sake ta.

Aibin Echoes guda biyu ne. An rage tsawon wasu waƙoƙi. Ita kanta waƙar "Echoes" ta 1971, mai minti 23, an mai da ita wajen minti 16, alhali irin wannan kiɗa haƙuri ne gishirinsa. Na biyun ya fi damuna: in kiɗan da ake kira psychedelic kake nema, wato mai juya hankali, da amon jita mai maimaita kansa da sautin ogan (abin kiɗa mai kama da piyano) mai yawo kamar a mafarki, kaɗan za ka samu a nan. Babu "Interstellar Overdrive", kiɗan da suka riƙa ja da tsawo a kulob ɗin UFO na Landan a 1967. Faifan Atom Heart Mother kuwa ko leƙo shi ba a yi ba. Mafi yawan tarin na zamanin da suka riga suka zama manya ne, suna cika filayen wasa.

Shawarata, saurari Echoes daga farko har ƙarshe yadda aka jera shi, kada ka bar waya ta cakuɗa maka, domin ɗinkin nan shi ne rabin darajarsa. In waƙoƙin Barrett ne suka kama ka, nemi faifansu na fari, The Piper at the Gates of Dawn, da kuma Relics na 1971, tsohon tari ne da ya ƙunshi abubuwansu na farko. In kuwa "Time" da "Money" ne suka tsaya maka a rai, ware minti 43, ka sa abin ji a kunne, ka ji The Dark Side of the Moon gaba ɗayansa.