Sahur Ɗin da Kike Son Tsallakewa

'Yata, saƙonki ya iso. Wai sahur dole ne, ko kuwa al'ada ce kawai ta tsofaffi, tunda ke da dare kike cika ciki ki kwanta, kuma kina so azumin bana ya rage miki ƙiba. Na yi murmushi da na karanta. Da na buɗe hoton kayan shan ruwanki kuma sai jikina ya yi sanyi: soye-soye kala-kala, kwalaben lemo jere, ba dabino ko ɗaya, ba ganye.

Rashin sahur ba ya ɓata azumi, malamai sun faɗa. Amma Buhari da Muslim sun kawo daga Anas ɗan Malik cewa Annabi (SAW) ya ce a yi sahur, domin akwai albarka a cikinsa. Zaidu ɗan Sabit kuma ya ce tsakanin sahur ɗinsu da sallah gwargwadon karatun aya 50 ne. Kin ga ashe daf da alfijir ake nufi, ba cin sha biyun dare ba.

Ke ba ki taɓa azumtar irin zafin da nake tunawa ba. Shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa azumi yake zagaya yanayi duka cikin kamar shekara 33. Ina budurwa ya faɗo tsakiyar zafi. Kawunki babba, Allah ya jiƙansa, lokacin ƙarfi na ɗibarsa, ya ce shi kada a ƙara tashinsa da asuba. Da dare ya zauna ya ci nama mai gishiri da yaji, ya bi da abin zaƙi, ya kwanta. Kakarmu ta tsaya bakin ƙofarsa da fitila tana kira, ya juya baya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya," ta wuce.

Kafin la'asar mutum biyu suka rako shi gida daga wurin aiki, suna riƙe da shi. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanu sun faɗa, yana magana harshe na manne masa a baki. Kaka ta shimfiɗa masa a inuwa, ta jiƙa zane tana ɗora masa a goshi da wuya. Ta ce in jiri ya ƙaru ya sha ruwa ya rama daga baya, Allah bai ɗora wa bawa halaka kansa ba. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ce zai iya kaiwa. Ana kiran magariba ya rarumi babban kwanon ruwa da hannu biyu yana rawa. Har yau ina ganin yatsun Kaka, sirara, a wuyan hannunsa. Ta sa masa dabino a baki, ta ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, ta ce ya tashi ya yi sallah, abinci ba gudu zai yi ba. Haka Anas ya ce Annabi yake yi: ɗanyen dabino kafin sallah, in babu busasshe, in babu 'yan kurɓin ruwa.

Kaka ba ta je makaranta ba, amma kullum tana maimaita mana kashi ukun nan da hadisin Tirmizi ya ce a raba ciki: ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Takan ce wanda ya cinye kason numfashi shi ne yake gyangyaɗi a tarawihi. Abin da likitoci ke faɗa yanzu bai saɓa ba. Gishiri yana jawo ƙishi. Zaƙi yana ɗaga sugan jini da sauri ya sake shi da sauri, shi ya sa hantsi bai yi ba yunwa ta dawo. Hatsin da ba a cire masa dusa ba, wake, ƙwai, madara da 'ya'yan itace su ne suke daɗewa a ciki. Ruwa kuma a rarraba shi tsakanin magariba da asuba, ba a kwankwaɗe shi gaba ɗaya ba.

Abin da yake damuna da ku, kun mai da watan ibada watan girki. Tun azahar ana kan murhu, a ɗauki hoto, rabi ya kwana a zubar, ga maƙwabci bai samu ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Kun riƙe farkonta kun saki ƙarshen.

Zancen ƙiba kuwa, ki bari sai kin zo mu zauna, ba na saƙo ba ne. Wanda ya fi damuna mahaifinki. Da ciwon sugansa, ki matsa masa ya ga likita tun kafin a ga wata, a gyara masa lokutan shan magani, in kuma an ce kada ya yi, ya haƙura. Ni ƙanwarsa ce, ba ya jin tawa. Ke yana jin kunyarki, ki kira shi yau.