Wa ke zaune a gidan Highclere?

Malam, ka tambaya ko gidan da aka ɗauki shirin talabijin na Downton Abbey yana da masu shi. Ƙwarai kuwa. Sunansa Highclere, yana yankin Hampshire a Ingila, kuma har yau iyalan Carnarvon ke cikinsa. Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya, shi ya sake masa fasali a shekarun 1840.

Ni dai labarin magajin sarautar Carnarvon na biyar ya fi burge ni. Da kuɗinsa masanin kayan tarihi Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922. Bai daɗe ba sauro ya ciji magajin a kunci, ya yanke wurin garin aski, ciwo ya ruru, ya mutu a Alƙahira a 1923. Wasu kayan tarihin Masar ɗin suna nan a ɗakunan ƙarƙashin gidan, baƙi na biya su kalla.