Dillalin da Jininku Ya Haɗu, ko Wanda Ya San Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙannena biyu za mu sayar da gidan da mahaifinmu ya bar mana, kuma ni aka ɗora wa neman dillali. Na ga mutum biyu. Na farko matashi ne mai faran-faran, bai daɗe da fara dillanci ba. Ya bi ni ɗaki-ɗaki, ya saurari labarin mahaifinmu har na yi ƙwalla, ya ce gidan zai yi kuɗi sosai. Na biyu dattijo ne da ya daɗe a harkar. Ko zama bai yi ba, ya nuna mini tsagewar bango da inda rufi ke yoyo, ya yanka farashin da ya gaza na yaron nesa ba kusa ba. Zuciyata tana wajen yaron, ƙanena kuma ya ce dattijon. Wa zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Ban ga laifinki ba da zuciyarki ta karkata ga wanda ya saurare ki. Gidan da aka tashi a cikinsa ba bulo da siminti ba ne kawai, kuma duk wanda ya gane haka ya cancanci a yaba masa. Sai dai a cikin wasiƙarki abubuwa biyu sun cakuɗe: kirkin yaron, da babban farashin da ya faɗa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, da shi ne ya faɗi ƙaramin farashin, jininku zai haɗu haka?

Ga dalilin tambayar. Dillali ba ya samun la'ada sai gida ya shiga hannunsa, kuma hanya mafi sauƙi ta karɓe gida daga hannun abokin gasa ita ce a faɗa wa mai gida farashin da kunnensa ke son ji. Wani da gangan yake yi, wani kuma rashin gogewa ne, amma abin da ke biyo baya iri ɗaya ne. Makonnin farko da gida ya shiga kasuwa su ne lokacin da masu saye na gaske suke zuwa dubawa. Idan kuɗin ya yi musu yawa sai su wuce, ko tayawa ba za su yi ba. Wata biyu, wata uku, sai dillalin ya dawo yana sosa ƙeya, a rage. A sake ragewa. Kafin nan duk mai zuwa tambayarsa ɗaya ce: me ke damun gidan nan da har yanzu ba a saye shi ba? Sau da yawa gidan da aka fara da tsada yakan ƙare a ƙasa da abin da zai yi da tun farko an sa masa kuɗin da ya dace.

Wannan ba ya nufin dattijon ya tsira daga bincike. Ƙaramin farashi shi ma yana yi wa dillali daɗi, domin gida ya fita da wuri, ya karɓi nasa ya kama wani. Ki yi lissafin da kanki. A ce la'adarsa kashi 3 ce cikin 100. Duk ɗari ɗaya da aka ƙara a kan kuɗin gidan, uku ce tasa, casa'in da bakwai taku. Jiran mako biyu don a sami wanda zai ƙara abu ne babba a wurinku, a wurinsa kuwa wahala ce mai ƙaramar riba. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi diddigin cinikin gidaje kusan 100,000 a jihar Illinois ta Amurka, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa idan dillali gidansa na kansa yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa ƙarin kwana 9 zuwa 10, kuma ya sayar da tsadar kusan kashi 3.7 cikin 100 fiye da gidajen da yake sayar wa mutane. Ba wai dillalai azzalumai ba ne. Yadda ake biyansu ne ya sa gaggawa ta fi musu riba.

Saboda haka ki kira su biyun, kowa daban, ki roƙe su abu guda: su kawo miki gidaje uku ko huɗu masu kama da naku a girma da shekaru da unguwa, waɗanda aka sayar a cikin shekara ɗaya da ta wuce. Kuɗin da aka biya kike so ki ji, ba wanda aka nema ba, da kuma tsawon lokacin da kowanne ya yi kafin ya fita. A nan za ki ga bambanci da idonki. Wanda ya san aiki zai ce miki, wancan na bayan layinku ɗakunansa ɗaya da naku amma filinsa ya fi faɗi, an sallama shi a kaza bayan wata biyu, naku kuwa sai an cire kuɗin gyaran rufi. Wanda bai sani ba zai yi murmushi ya ce, ki bar mini komai Hajiya, akwai mutanena. Ki kuma nemi kowannensu ya haɗa ki da mutum biyu da ya sayar wa gida kwanan nan, ki kira su ki tambaya ko kuɗin da aka sayar ya yi kusa da wanda aka yi musu alkawari.

Sannan ki gwada abin da kike kira haɗuwar jini. Ki saɓa wa kowannensu a kan wani abu, ko da ƙarami ne, ki ga yadda zai yi. Idan yaron ya yi maza ya bi ra'ayinki don kada ranki ya ɓaci, to haka zai yi laushi a gaban mai saye mai zafin ciniki. Idan dattijon ya ɗaure fuska ya ƙi yi miki bayani, ki sani watanni za ki yi kina fama da wannan halin. Jituwar da ke da amfani tsakaninki da dillali ita ce wadda zai iya faɗa miki abin da ba kya so ki ji, ke ma ki iya ce masa a'a ba tare da jin nauyi ba.

In har sai na zaɓa daga abin da kika rubuto, dattijon zan ɗauka, domin mutumin da ya nuna miki yoyon rufi a ranar da yake neman aiki a hannunki ya riga ya gwada miki cewa ba ya sayen ki da daɗin baki. Yaron zai iya canza mini ra'ayi idan ya kawo hujjar farashinsa, kuma idan yana aiki a ƙarƙashin wani gogagge wanda zai tsaya masa ranar ciniki. Tunda kuwa gidan na ku uku ne, ina ba ki shawara ku haɗa kuɗi ku ɗauki mai kimanta kadara wanda ba ruwansa da cinikin, a biya shi ladan aikinsa ya rubuta muku ƙimar gidan. Wannan takardar za ta kare ki ranar da wani cikin ƙannenki zai ce an karyar da gidan Baba.

Tambaya: Malam, abokina ne tun muna yara, yanzu dillali ne, shi na ba neman gidan da zan saya. Wata huɗu ke nan, gidajen da ke hannunsa kawai yake nuna mini. Kwanan nan na gane cewa gidan da yake matsa mini in saya, shi ne kuma dillalin mai gidan. Ina jin kunyar yi masa magana.

Amsa: Ɗan'uwa, kunyar nan tana iya jawo maka asarar kuɗi da abokin gaba ɗaya. Mai gida yana son a sayar da tsada, kai kana son sauƙi, mutum ɗaya ba zai ja igiya ta ɓangare biyu ba. Ya san iyakar abin da ke aljihunka, ya san mafi ƙarancin abin da mai gida zai karɓa, kuma la'adarsa tana ƙaruwa ne idan ka biya da yawa. Shi ya sa wasu jihohin Amurka suka haramta wa dillali ɗaya wakiltar ɓangarorin biyu, wasu kuma suka sharɗanta sai ya bayyana kuma kowa ya amince a rubuce. Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne kai ka gano, ba shi ya faɗa maka ba.

Ka same shi ku biyu, ka ce masa: "Na ji kai ne dillalin mai gidan nan. In zan saya, zan kawo wanda zai tsaya mini, kai ka tsaya wa mutuminka." Ba zagi a ciki, ba zargi. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda shi ya kawo ba, ya binciki takardun mallaka a ofishin rajistar filaye, ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai gidan kuma ba a jinginar da shi ba. Kada ka tura ko kafin alƙalami cikin asusun abokinka na kashin kansa.

In kuma za ku ci gaba da aiki tare, ku rubuta: nawa ne la'adarsa, wa zai biya, wata nawa yarjejeniyar za ta yi, da yadda kowa zai iya janyewa. Kada ka ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda. A Amurka ma tun watan Agustan 2024, dillalan da ke bin ƙa'idojin babbar ƙungiyarsu ta ƙasa ba sa zagayawa da mai saye ya ga gida sai sun sa hannu a kan yarjejeniyar da ta fayyace ladansu. Da baƙo ma ana rubutawa, balle da wanda kake so ku ci gaba da gaisawa bayan ciniki.

Tambaya: Malam, na ɗauki dillalin da kowa ke yabon ƙwarewarsa, amma sai in kira sau uku bai ɗauka ba, in na yi tambaya ya amsa kamar na dame shi. In haƙura tunda ya iya aiki?

Amsa: A'a, Malama. Ɗaukar waya da yi miki bayani suna cikin aikin da za ki biya shi dominsa. Tayi mai kyau yana iya wucewa cikin kwana ɗaya idan ba a same shi ba, kuma yadda yake share kiranki haka yake share na masu saye. Mai yiwuwa gidaje sun yi masa yawa, naki ya koma ƙasan tari. Ki rubuta masa saƙo ki nemi rahoto sau ɗaya a mako: mutum nawa suka duba, me suka ce, an taya ko ba a taya ba. Ki ba shi mako biyu. In bai canza ba, ki duba yarjejeniyarku ki ga sharaɗin janyewa, musamman ko zai ci gaba da bin ki la'ada idan wanda shi ya kawo ya dawo ya saya daga baya, sannan ki sanar da shi a rubuce kafin ki ba wani.