Ga Yaya, a kan rubuce-rubucen 'yarka

Yaya, bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan duk gida lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce an nuna maka jerin rubuce-rubucen 'yarka, shafi bayan shafi na Turanci, amma ba ka ga inda aka ce ta duba marar lafiya ko ɗaya ba, to wace irin Dakta ce wannan? Ka ce da a gida ta yi wannan dogon karatu, da yanzu tana da asibitin kanta. Sannan ka rufe da maganar da ta fi tsaya mini a rai, wai 'ya'yanmu na nan Ingila sun zama Turawa, ga shi har ta kai ga aure. Ka san uba ba ya zama yana yabon abin da ya haifa, shi ya sa na daɗe ban tanka ba. Amma 'yarka ce, kai ka tambaya, kuma na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Ba likitar asibiti ba ce. Digirin digirgir ta yi, aikinta bincike a kan guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙashi a gwiwa da kwatangwalo da yatsu. Kaurinsa a gwiwa milimita 2 zuwa 4 ne kawai, amma shi ke ɗauke da nauyin mutum tun yana tatata har ya kama sanda. Abin da ya sa ya gagari likitoci shi ne babu jijiyar jini a cikinsa. Fata in ta yanke jini ke kawo mata gyara, ƙashi in ya karye yakan haɗe, shi kuwa guringuntsi daga ruwan gaɓa yake samun abin da zai rayu, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa kuma 'yan ƙalilan ne, kowace tana kulle a gurbinta. Tun 1743 wani masanin jikin ɗan'adam a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Yau shekara 280 da ɗoriya, ana da maganin rage zafi, ana da tiyatar sauya gaɓa, amma babu maganin da hukumomi suka amince cewa yana tsayar da zaizayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin wannan amosanin gaɓɓai, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Inna na cikinsu, Allah ya ji ƙanta. Kai da kake kusa ka fi ni sanin yadda ta ƙare da salla a kan kujera, da yadda hakan ya dame ta fiye da zafin kansa. Lokacin da ta zo mana nan, yarinyar tana firamare, ita ke shafa mata mai a gwiwa kowane dare. Inna tana ce mata ruwan gwiwar ne ya ƙafe, ita kuma tana tambayar ina ruwan ya tafi, me ya sa ba za a ƙara wani ba. Inna ta yi ta sa mata albarka. Ban taɓa ce mata ga abin da za ta karanta ba, amma da ta zo da zancen guringuntsi na san inda ta samo shi.

Yanzu ka sa a buɗe maka jerin nan, in nuna maka yadda ake karanta shi. Kowane layi maƙala ɗaya ce: ga shekara, ga sunan mujalla, ga sunayen waɗanda suka yi aikin. A wannan fanni jerin sunayen ba na girman shekaru ba ne. Na farko shi ya yi gwajin da hannunsa, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin binciken, wanda ya nemo kuɗin ya kuma ɗauki alhakin abin da aka faɗa, na tsakiya kowa da gudummawarsa. Ka duba na farko-farko, sunanta a gaba yake. Ka duba na baya-bayan nan, ya koma ƙarshe. Wato yanzu ita ke da ɗalibai. Kuma layi ɗaya yakan ci shekaru, don gwaji a kan ɓeraye kaɗai watanni ne, in an gama a rubuta, edita ya aika wa masana biyu ko uku waɗanda ba za ka san sunansu ba. Su tsefe aikin, su ce a sake gwaji kaza, ko su yi watsi da shi baki ɗaya a koma wata mujallar. Na ga lokutan da ta zo gida ba ta iya cin abinci saboda an dawo mata da aiki. Za ka ga sunan wata mujalla, Osteoarthritis and Cartilage, ya maimaitu. Ta ƙungiyar masu binciken wannan ciwo ce ta duniya. Duk mai waya zai iya shiga PubMed, shafin intanet da ake tara maƙalolin binciken lafiya, ya rubuta sunan 'yarka ya gani da idonsa.

Lambar da ke gefen kowane layi kuwa yawan masu binciken da suka kafa hujja da aikin ne a nasu rubutun. Kamar isnadi yake: ba ka faɗin magana sai ka ce daga wa ka samo ta. A 2005 wani masani a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ke haɗa yawan maƙaloli da yawan masu kafa hujja da su, jami'o'i kuma sun rungume shi wajen ƙarin girma. A ganina an wuce gona da iri da ƙirgen nan, ita ma ba ta so a auna ta da shi. Wani lokaci maƙalar da ta fi amfani ita ce wadda ta ce abu kaza ba ya aiki. A 2002 an yi gwaji da mutum 180 a Amurka, wasu aka wanke musu cikin gwiwa da tiyatar da ake zura 'yar kyamara cikin gaɓa, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke, sauƙin da suka samu bai bambanta ba. A 2006 an gwada ƙwayoyin gulukosamin, waɗanda ake sha don ciwon gaɓɓai, a kan mutum 1,583, a dunƙule ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta wani abin a zo a gani ba.

Ka ce ina amfanin da marar lafiya ya samu. Akwai wani nau'in amosanin dabam, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓɓai. A Cibiyar Kennedy da ke Landan a lokacin, Marc Feldmann da Ravinder Maini sun yi shekaru suna nazarin naman gaɓar marasa lafiya a ɗakin gwaji, suna wallafa abin da suka gani, har suka gano cewa wani sinadari mai suna TNF ne ke jan ragamar kumburin. A 1992 aka gwada toshe shi a kan mutum 20. Yau miliyoyin mutane na amfana da magungunan da suka fito daga nan, likitan da ke rubuta su kuma wataƙila bai taɓa ganin fuskar mutanen biyu ba. Maini a Indiya aka haife shi, a Uganda ya taso, zuwa ya yi kamar yadda muka zo. Ɓangaren 'yarka bai kai ga irin wannan nasara ba tukuna. A 2005 rukunin masana biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ostareliya, sun nuna a mujallar Nature cewa ɓeran da ba shi da wani sinadari mai yanka guringuntsi, ADAMTS5, guringuntsinsa na samun kariya. An yi murna, an haɗa maganin da ke toshe sinadarin, da aka gwada a kan mutane bai ba da abin da ake fata ba. A irin wannan wuri take aiki, inda ba a riga an ci nasara ba.

Maganar auren. Yaya, kai ne waliyyinta, kai ka wakilta aka ɗaura, ashe zuciyarka ba ta kwanta ba. Mijin nata Musulmi ne, tare muke sahu, yana durƙusa wa uwarta in zai gaishe ta ba don wani ya sa shi ba. Mu 'yan kaɗan ne a nan, yara kuma da wanda suka yi makaranta da aiki suke sabawa. A cikinmu akwai auren 'yan ƙasar nan da ya yi albarka, akwai wanda ya watse, kamar yadda na dangi ma yakan watse a gida. Ka sake duba jerin nan, ka duba sunan. A nan mata da yawa sukan koma sunan miji, ita ba ta koma ba. Daga maƙalar farko har ta bana sunan Baba ne a kai. Baba da bai taɓa zama ajin boko ba, yau masu bincike a Japan da Jamus suna rubuta sunansa a ƙasan aikinsu. Duk ranar da sabuwa ta fito, iyayen da muka zo tare sukan yi ta kiran uwarta suna barka, galibinsu ba su fahimci ko layi ɗaya ba, amma sun san tamu ce.

Ba zan ɓoye maka ba, Hausarta da ɗan karkata, jikokin kuma sun fi ji da mayarwa, wannan yana ci mini rai. Sai dai in sun zo gida suka buɗe baki aka yi musu dariya, sai su yi shiru, su dawo nan da kunyar harshen. Ina roƙo a riƙa gyara musu a hankali. Sannan ta sha gaya mini cewa yawancin abin da aka sani game da wannan ciwo daga Turai da Amurka da gabashin Asiya aka tattaro shi, na mutanenmu kaɗan ne ƙwarai. Ta rubuta wa wasu wurare a gida tana neman a yi aiki tare, ba a amsa mata ba. Wadda ta manta da gida ba ta wannan.

Na ji an ce kai ma gwiwa ta fara damunka. Ta ce in gaya maka ba za ta rubuta maka magani ba, don ba hurumin ta ba ne, ka ga likitan ƙashi a yi maka hoto kana tsaye. Akwai ma'aunin tsananin ciwon a hoto, wanda wasu likitoci biyu, Kellgren da Lawrence, suka fitar a Manchesta a 1957, daga 0 zuwa 4, ka tambayi a mataki na nawa taka take. Ta ce abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba, kuma ka yi hattara da yawan shan ƙwayoyin kashe zafi irin su ibufurofen, suna taɓa ciki da ƙoda. Ƙaramar 'yarka da ke karatun kimiyya kuma, ta ce a ba ta lambarta, tana so ta koya mata yadda ake karanta maƙala tun yanzu.

A gaida mutanen gida.