Babbar kilarinet ɗina tana tsuwa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da algaita na taso, yanzu na shiga fanfar, wato ƙungiyar masu busa da kiɗa, aka ba ni babbar kilarinet, wadda ake kira bas. Muryoyin ƙasa suna fita lafiya, amma da na danna makullin hawa sama sai ta yi tsuwa. Ƙarfin iska ne ya gaza?
Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai algaita ba ya rasa iska, bakinka za ka gyara. Algaita harshe biyu gare ta, ana cusa shi duka a baki a kumbura kumatu. Ita wannan harshe ɗaya ne na kara, ansh a bakin ƴan fanfar, ɗaure a ƙarƙashin bek, wato bakin kilarinet da ake sawa a baki. Haƙoran sama su sauka a kan bek, kamar santimita 1 da rabi daga tsininsa, leɓen ƙasa ya lulluɓe haƙora, kumatu a lafe. Kada ka cije. Cizo ke matse ansh har ya hana shi karkarwa, daga nan tsuwar take fitowa. Buɗe maƙogwaro kamar mai hamma.

Makullin hawa saman nan na babban yatsa matakai 12 yake ɗaga murya, ba 8 ba: muryar da ake kira do ta ƙasa ta koma wadda ake kira sol. Riƙe do ɗin daƙiƙa 8, sannan ka taɓa makullin ba tare da ka motsa baki ba. Minti 10 kullum.

Fara da ansh mai lambar tauri 2 ko 2 da rabi, ka jiƙa shi minti 2 kafin busa. Hunturun nan namu yana busar da shi har bakinsa ya tanƙware, shi ya sa na fi so ka riƙe 3 ko 4 kana juya su.

In duk wannan bai yi ba, to yoyo ne. Tun da Adolphe Sax ya gyara ƙirar babbar kilarinet a Beljiyam a 1838, ramukanta manya ne, murafe ke rufe su, kuma guda ɗaya in ya bar ƴar kafa ya isa ya ɓata muryoyin sama. Sa siririyar takarda ƙarƙashin murfi, rufe, ja a hankali. In ta zare ba tirjiya, wurin na yoyo. Galibi wajen haɗa gaɓoɓin jikinta biyu, ta sama da ta ƙasa, ake lanƙwasa ƙarfen da ya ratsa tsakaninsu, don haka ka danne makullan gaɓar sama ƙarfen ya ɗaga tukuna, sannan ka murɗa.